Tambayoyinku kan fasaha: mece ce "sheet" a waya da kwamfuta?

Tambaya daga wata malamar sakandare a Gusau: Shugaban makarantarmu ya ce kowane aji a sa makinsa a "sheet" daban, a turo masa. Na yi fayil shida na tura ta WhatsApp, ya ce ba haka yake nufi ba. Ina matsalar take?

Malama, fayil guda yake so, mai falle shida a ciki. A Turanci, sheet na nufin duk abu mai faɗi, marar kauri, da ake iya shimfiɗawa: fallen takarda, zanin gado, kwanon rufi, duk da wannan kalma ake kiransu. Tun kafin kwamfuta, akantoci na da wata babbar takarda mai layukan tsaye da na kwance da suke bazawa a kan tebur su yi lissafi, ita ce spreadsheet. A 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka mayar da ita cikin kwamfutar Apple II da manhajar VisiCalc, Excel ya fito a 1985, Google Sheets kuma a 2006. Sunan ya bi su har yau.

A Excel, fayil ɗin gaba ɗaya ana ce masa workbook, wato littafi, kowane falle a cikinsa kuma worksheet, ko sheet a taƙaice. Ki buɗe fayil ɗaya ki dubi can ƙasa, za ki ga an rubuta Sheet1, da alamar + a kusa da shi. Duk danna alamar da kika yi, sabon falle ne. Ki sauya musu suna zuwa JSS1A, JSS1B har ki gama, amma Excel ba ya karɓar sunan da ya wuce haruffa 31. A waya ma haka abin yake, ko da WPS Office kike aiki. Ina goyon bayan shugaban naku a kan wannan, domin idan azuzuwan na cikin littafi ɗaya, falle na bakwai zai iya ɗauko maki daga sauran ya haɗa jimla da kansa. Rubuta =JSS1A!C5 kawai ya isa ya jawo abin da ke gidan C5 (mahaɗar layin tsaye C da layin kwance 5) na fallen JSS1A. Da fayil shida kuwa, sai ya buɗe ɗaya bayan ɗaya yana kwafa da hannu, kuma a irin wannan kwafar ne makin yaro ke komawa na wani.

Tambaya daga sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu: Na rubuta sunayen mambobi da lambobin wayarsu da na asusun banki, kowane ƙauye da fallensa. An ce in turo a matsayin CSV. Da suka buɗe, ƙauye ɗaya kaɗai suka gani, kuma sifilin farkon lambobin duk ya ɓace.

Malam, matsala biyu ce, kuma kowacce na iya hana manomi haƙƙinsa, don haka ka natsu da wannan. CSV rubutu ne zalla wanda waƙafi ke raba shi, ba ya ɗaukar falle fiye da ɗaya. Wanda ke buɗe a gabanka lokacin ajiya shi kaɗai yake tafiya. Ka nemi fayil ɗin asali mai ƙarewa da xlsx, sauran ƙauyukan suna nan a ciki. Ko dai ka tattara kowa a falle guda ka ƙara layin tsaye na sunan ƙauye, wanda shi na fi so, ko ka fitar da CSV daban ga kowane ƙauye.

Batun sifili kuwa, manhajar na ɗaukar 0803 a matsayin adadin lissafi, a lissafi kuma sifilin farko ba shi da amfani, sai ta jefar da shi. Kafin ka fara rubutu, ka zaɓi layin gaba ɗaya ka mayar da tsarinsa Text, ko ka sa alamar ' a farkon kowace lamba. Lambobin wayar da suka riga suka lalace, ="0"&B2 (B2 shi ne gidan da lambar take) zai gyara su, tunda kowacce sifili ɗaya ta rasa. Lambar asusu kam a yi hattara: adadinta 10 ne, wasu da sifili biyu suke farawa. Duk wadda ka ƙirga ba ta cika 10 ba, ka kira mai ita ya karanto maka. Ka kuma gaya wa masu karɓa cewa buɗe CSV kai tsaye a Excel na sake cinye sifilin, ko da naka ya tafi daidai.

Tambaya daga wani ɗalibi a Birnin Kebbi: A shagon buga takardu, sheet da page ɗaya ne?

A'a. Sheet falle ne, page shafi ne, kuma falle ɗaya shafi biyu gare shi, gaba da baya. Aiki mai shafi 60 zai ci falle 30 idan an buga fuska biyu. Rim ɗin A4 falle 500 ne. Ka tambayi mai shago da wanne yake ƙirga kuɗinsa tun kafin ya fara.

Tambaya daga wani mai gyaran waya a Ƙaura Namoda: Ina yawan jin datasheet a bidiyon gyara.

Takardar bayanin kaya ce da kamfanin da ya ƙera shi ke fitarwa, galibi a PDF. Tana nuna aikin kowace ƙafar IC (ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da ke cikin waya), da ƙarfin wutar da yake ɗauka, da zafin da zai iya jurewa. Ka karanta lambar da ke jikin IC ɗin da gilashin ƙara girma, ka rubuta ta a Google tare da kalmar datasheet, sannan ka fara duba teburin Absolute Maximum Ratings, wato iyakar abin da zai iya ɗauka, kafin ka jona masa wuta.