Kafin ka biya kuɗin gonar, bi ta wajen COFO

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana Yamai kana aiki, an yi maka tallar wata gona wajen Tsarnawa, kana so ka san wace hukuma ce ke da iko da sha'anin noma a jahar Tawa, ko jaha na da nata kwamitoci kamar yadda ake yi a Najeriya. To bari in faɗa maka abin da na gani da idona, don na sha zaman gaban sarki kan maganar gona har na gaji.

Mu dai tsarinmu ba irin na Sakkwato ko Katsina ba ne, can kowace jiha na da majalisarta da kwamishinanta na noma. Nan doka daga Yamai take fitowa, gwamna naɗa shi ake yi, shi da daraktan noma na jaha aikinsu su zartar. Amma kar ka ce don haka ba su da ƙarfi, wallahi akwai abin da sa hannun gwamna kaɗai ke yankewa, zan zo kanshi.

Wanda ya fi shafarka yanzu shi ne COFO, kwamitin kula da filaye, wanda dokar karkara ta Code Rural ta 1993 ta kawo. Hawa ukku ne, akwai na ƙauye da mai gari ke shugabanta, akwai na komin, wato ƙaramar hukuma, sai na departama, wato gunduma, wanda shugabanta parefe ke riƙe da shi. Ana sa wakilin manoma, na makiyaya, na mata, na matasa a ciki. Su ne ke ba da takardar shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina, da ta gonar gado. Mutanenmu na raina takardun nan, su ce ai mun san juna, ai ga shaidu. Shaidu mutuwa suke yi ƙanena.

Mahaifinmu Allah ya jiƙanshi ya ba wani maƙwabcinshi aron gona shekarar yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El-Buhari, mutumin ba ya da inda zai shuka ko tiya guda. Babu takarda, goro kawai anka ci anka yi fatiha. Kowace kaka yana aiko da dame guda na hatsi gidanmu, alamar dai gonar ba tashi ba ce. Sai su biyun sunka rasu, damen ya daina zuwa, mu kuma kunya ta hana mu tambaya, shekaru sunka yi ta tafiya. Ranar da yayana ya je ya ce muna son abinmu, ɗiyan mutumin sunka ce su tun da sunka buɗe ido nan suke noma, gadon ubansu ne. Kuma ni ban ce ƙarya sunka yi da gangan ba, abin da sunka tarar ke nan. Munka je gun mai gari, munka wuce gun sarki, shaida guda ya rage a duniya, wani tsoho da ko gani bai yi sosai. A kan amalanke anka kai shi gonar, ya sauka yana dogara sanda yana laluben layin gamba da ƙafa, ya ce daga gawon can zuwa aduwar nan na wane ne, a gabana ya ba da aro. Duk da haka sai da anka raba gonar biyu don a zauna lafiya, mun ɗauki rabi mun yi shiru. Damina biyu muna wannan zirga-zirga, kuɗin mota kaɗai ya fi abin da takardar za ta ci sau nawa.

Abin da da yawa ba su gane ba, COFO ba ta yin shari'a. In rigima ta tashi sarakuna ke sulhu, a rubuta takardar an sasanta ko ba a sasanta ba, da ita ake wucewa gaban alƙali. Aikin COFO shi ne kar a kai can. Saboda haka in ka zo, kar ka yarda da ciniki cikin zaure da dare. A tara masu iyaka da gonar duka huɗu, a kira magadan mai sayarwa har da mata, don sau da yawa ƙanwar da ke aure wani gari ita ke dawowa daga baya ta ce ba da saninta ba. A taka iyaka da ƙafa, sakataren COFO ya rubuta, kowa ya dangwala yatsa, mai gari ya buga hatimi, ka riƙe kofinka.

Sai ka tambaya ko burtali ya ratsa ta wurin. Wannan kam kar ka yi wasa da shi, hanyar dabbobi da wuraren kiwo da mashaya ba a sayar da su, dokar kiwo ta 2010 ta ƙara jaddada haka, ko ka biya kuɗi ranar da anka zo dasa alamun siminti za a fidda kai. Nan ne kuma maganar gwamna ta shigo, kowace shekara bayan an tattauna da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya, shi ke sa ranar sakin gonaki. Kafin ranar in shanu sunka yi maka ɓarna kana da hakkin diyya, bayan ta wuce in ka bar wakenka ko damunanka a fili to kai ka jiyo. Ku da ke Yamai nan kuke faɗawa, kuna jiran hutu ku zo ɗaukar amfani.

In kuma filin cikin aikin ban ruwa na Ƙonni yake, wanda madatsun Mozage da Zango ke ba ruwa, wannan wata magana ce daban. Ƙasar ta gwamnati ce, ONAHA, hukumar kula da ayyukan ban ruwa da anka kafa a 1978, ke sa ido, ƙungiyoyin manoma ke tafiyar da rabon ruwa da karɓar kuɗin kowace kaka, wanda ya ƙi biya ana iya amshe filin. Wanda ya ce zai sayar maka da fili can kamar gonar gado, je ofishin ƙungiyar manoman wurin ka ji tukuna.

Sauran kuma sai ka fara noma za ka haɗu da su, malaman gona na komin, masu yaƙi da fari da tsutsa, cibiyar binciken noma INRAN wajen iri, hukumar OPVN mai sayar da cimaka da rahusa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tunda kana Yamai leƙa RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, nan cibiyarsu take, suna amsa tambayar manoma da Hausa har ta WhatsApp, kuma suna da reshe a Tawa. In albasa kake nufi, tambaye su wane maganin feshi ne aka yarda da shi, don rabin na kasuwa ko rubutun jikin kwalbar ba mai iya karanta maka.

Ka faɗo mini gonar tudu ce ko fadama, kuma mai sayarwar gado ya ci ko shi ma saye ya yi, sai in gaya maka takardar da za ka ce ya nuna maka kafin ka ba da ko dala.