Taswirar waya a dajin da babu sabis

Ka tambaya ko taswirar waya za ta yi maka jagora zuwa dutsen Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka-Gumti, inda sabis ke yankewa. Za ta yi, domin GPS, tsarin da ke nuna inda wayar take, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina, ba daga turakun sadarwa ba, amma wajibi ne ka sauke taswirar yankin tun kana gari. Google Maps ba ya tsara hanyar ƙafa idan babu intanet, shi ya sa na fi amincewa da manhajar taswira ta OsmAnd, wadda ke yin hakan ko babu intanet, kuma take nuna tudu da gangare. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama domin caji ya daɗe, kuma kada ka rabu da ɗan jagora na gandun, tunda ƙananan hanyoyi da yawa ba su shiga taswira ba.