Inshorar lafiya ta gwamnati: caca ce ko taimakon juna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni tela ne a unguwar Zariya nan Maraɗi, mata biyu ƴaƴa bakwai. A fadarmu kullum gardama ake kan inshorar lafiya da ake cewa gwamnati na son ta game kowa, a riƙa zuba wani abu cikin asusu guda, wanda ciwo ya kama asusun ya biya mishi. Wasu sun ce ba a buƙatarta tunda an rage kuɗin asibiti, limaminmu kuma ya ce caca ce. Bara da damina masassara ta kada ɗiyata mai shekara 6 har aka yi mata ƙarin jini, sai da na saida keken ɗinki guda jika 45. In abin ya zo ina son in fara sa uwargida da ƴaƴanta don ita ke da hawan jini. Ya halatta? Kuma dole ne gwamnati ta yi shi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya mayar maka da abin da ka saida.

Ɗan uwa, hukuncin yana rataye da kalma guda cikin tambayarka, ka ce asusu guda ne na jama'a. To abin da za ka bincika ranar da aka kawo muku takarda shi ne, rarar kuɗin da ta saura ƙarshen shekara ina take zuwa? In tana zama cikin asusun don maras lafiyar baɗi, wannan taimakon juna ne, ya halatta ka shiga. In kuwa kamfani ne mai masu hannun jari da ke raba rarar a matsayin riba, wannan ita ce inshorar kasuwanci wadda Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta hana a zamanta na Jidda a 1985, kuma a zaman nan ɗin ne ta halatta ta taimakon juna. Maganar rashin tawakkali da wasu ke haɗawa ba sai mun tsaya kanta ba, neman magani sunna ne.

Maganar caca ita ce mai nauyi, kuma liman bai faɗe ta don wasa ba. Hujjar masu hanawa ita ce ka ba da kuɗi sananne ka karɓi abin da ba ka sani ba, wataƙila ka zuba shekara biyar ko allura ba a yi maka ba, wani ya zuba wata biyu a yi mishi tiyata, sun ce wannan garari ne, wato jahiltar abin da za ka samu. Amma ai garari ciniki yake ɓatawa. A mazhabarmu ta Malikiyya, Imam Ƙarafi ya bambance tsakanin musayar dukiya da kyauta, a ciniki jahiltar abin da za ka samu tana ɓata shi, a kyauta da sadaka ba ta ɓatawa, har Imam Malik ya yarda mutum ya yi kyautar raƙuminsa da ya ɓace alhali saida shi bai halatta ba. Sai su ce to ai mai zubawa ba kyauta ya yi ba, yana sa ran a yi mishi in ta same shi. Na ji, amma Ash'ariyawa fa, dangin sahabi Abu Musa al-Ash'ari? In abincinsu ya yi ƙaranci sai kowa ya kawo abin da ya rage mishi su tara cikin mayafi guda su raba daidai, wanda ya kawo kaɗan ya ɗauki fiye da nasa, kowannensu kuma ya zuba ne yana sane zai ɗiba, Annabi (SAW) bai ce sun yi caca ba, cewa ya yi su nasa ne shi nasu ne. Kuma Shari'a da kanta ta ɗora wa dangi biyan diyyar kisan kuskure, mutum na zaune gidansa bai kashe kowa ba a ce kawo naka kason, don gobe in shi ne za a tara mishi. Sannan mai caca shi ke ƙirƙiro haɗarin da hannunsa, sauro kuwa ba asusu ya kawo shi Maraɗi ba, yana nan tun kafin a haife mu. Mai caca in bai ci ba ya yi hasara, kai in ka shekara lafiya lau kuɗinka ya je ya biya ledar jinin ɗiyar wani tela, wace hasara ka yi? Kada dai ka ɗauki amsar nan ka je ka kunyata liman gaban mutane, ka same shi shi kaɗai bayan sallar Asuba.

Batun ko dole ne, kula da lafiyar talakawa wajibi ne a wuyan shugaba, ta wace hanya kuwa wannan ijtihadi ne, ba mai kafirta wani a kai. Ni dai a ganina gyaran ana buƙatarsa, kuma ɗiyarka ce hujjata. Tun 2006 zamanin Shugaba Tanja aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 magani kyauta, ita tana da 6, shekara guda ta raba ka da kekenka. A 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, alheri ne mun gode, amma wanda ba shi da ko dala cikin watan Agusta rumbu wayam, rabi ma dutse ne a kansa. Sai dai ina jin tsoro, don kyautar nan ta yara an ga yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sa a rubuta maka takarda a ce je ka saya waje. In za a karɓi kuɗin mutane to amana ce, a ɗauke wa miskini, a bar manomi ya biya da kaka, a riƙa faɗa wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. In masu riƙon asusun suka sa shi inda ake cin riba, zunubin yana kansu ba kanka ba.

Yanzu wadda ba ka tambaya ba. Ka ce uwargida da ƴaƴanta za ka fara sawa. Ita uwargida saboda hawan jini ba laifi, lalura ce. Amma ƴaƴa bakwai duk naka ne, masassara ba ta tambayar ɗakin wa, ranar da ɗan amarya ya kwanta aka ce ba shi da katin inshora wallahi wutar da za ta tashi gidanka ta fi kuɗin katin tsada. In ƙarfinka bai kai ba ka fara da ƙananan kowane ɗaki, kuma ka zaunar da su biyun ka gaya musu da bakinka. Kada ka ara wa kowa katin ko ɗan ƙanenka ne, kada ka karɓi maganin da ba ka buƙata don ka saida, wannan cin dukiyar marasa lafiya ne. Abin da ka zuba kuma kada ka lissafa shi cikin zakkarka. Kafin tsarin ya iso ku teloli ku buɗe naku ƙaramin asusu, ko ɗari biyar-biyar duk sati, mutum biyu su riƙe, a rubuta komai.

Wallahu a'alam.