Daga ina sheƙin tukwanen Magdalene Odundo yake fitowa?

Ɗana, ka tambaye ni wane sinadari Magdalene Odundo take shafa wa tukwanenta har suke sheƙi haka, wasu jajawur, wasu baƙi wulik, don kai ma ka nemo. Babu abin da za ka je ka sayo. Ba ta amfani da ruwan gilashin da ake tsoma kofuna da farantai a ciki. Aikinta yumɓu ne da guga da wuta.

An haife ta a Nairobi a 1950, ta tafi Ingila a 1971, ta yi karatu a Farnham. A tsakiyar shekarun 1970 ta je cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, wadda Michael Cardew, wani maginin tukwane ɗan Ingila, ya kafa, ta ga yadda Ladi Kwali da sauran mata magina suke tayar da tukunya da hannu zalla. Har yau da hannu take gini, ba a kan faifai mai juyawa ba. Tana ɗora yumɓu kaɗan-kaɗan, tana jan bango sama, tana kankare shi har ya yi siriri. Shi ya sa idan ka ƙura wa aikinta ido sai ka ga kamar mutum ne a tsaye: ga ciki, ga kafaɗa, ga dogon wuya da ya ɗan karkata. Ni dai a nan nake ganin gwanintarta, fiye da sheƙin da ya ɗauke maka hankali.

Amma bari in faɗa maka yadda sheƙin yake samuwa. Idan gini ya sha iska, ya yi tauri amma da sauran sanyi a jikinsa, sai a ɗauki dutse mai sulɓi a yi ta guga. Ƙwayoyin yumɓu faffaɗa ne, guga ce take kwantar da su su jeru, haske ya riƙa dawowa daga kansu. Daga nan a shafa tataccen ruwan yumɓu, wanda aka dama aka bari ya kwanta aka kwashi na sama kawai, a sake gogewa. Lokacin shi ne komai. Da danshi da yawa, dutsen zai yi ta barin sawu. In kuma ya bushe ƙarau, kankarewa za ka yi. Kara tukunyar a kumatunka, za ka ji.

Sai wuta. A gashin farko ana barin iska ta shiga tanderu sosai, ƙarfen da ke cikin yumɓun ya haɗu da ita ya ba da jan nan mai kama da lemo. Wadda ake so ta yi baƙi sai a sake gasa ta a rufaffen mazubi tare da abin da zai ci wuta, kamar garin katako. Iska ta yi ƙaranci, hayaƙi ya shige jikin tukunyar. Wani gefen yakan fito da ja-ja, wani baƙi ƙirin, kuma ba kowane lokaci magini yake sanin abin da zai tarar ba. Kada ka kai zafi can sama: idan ya wuce digiri 1000 na ma'aunin Celsius da yawa, gugar da ka sha wahala a kanta dusashewa za ta yi.

Kai kuwa, tukwanen da kake ginawa suna tsagewa a wuya saboda gindi yana da kauri, wuya siriri, ba sa bushewa tare. Yumɓu yana tsukewa wajen kashi goma cikin ɗari, kuma inda ya riga bushewa shi ke jan ɗan'uwansa har ya yage. Naɗe wuyan da leda, ka bar gindin ya kamo shi. A tanderu ka tafi a hankali wajen digiri 100, inda ragowar ruwa ke zama tururi, haka ma wajen 573, inda yashin da ke cikin yumɓun yake kumbura farat ɗaya.

Gobe ka gina ƙanana guda uku daga yumɓu ɗaya. Ka goge ta farko da danshi, ta biyu idan ta yi tauri, ta uku bayan ta bushe, ka kawo mini mu gasa su a wuta ɗaya.