Zan Iya Tantance Bayanan Bincike Tare da Masu Tuyar Ƙosai?

TAMBAYA: Malama, ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Muna ƙera murhu mai rage cin itace tare da masu tuyar ƙosai a Daura, na kuma gama ɗaukar hirarsu. Ya dace in zauna da su wajen tantancewa, alhali ba su yi boko ba?

AMSA: Ƙanwata, ki zauna da su. Na taɓa irin wannan aiki a cikin birnin Katsina. Ni kaɗai na tantance, na sa hayaƙi a gaba don shi matan suka fi ambata a hira. Da na koma, na zana kowace damuwa a kati, na ba kowace mace tsakuwa 10 ta ɗora inda ya fi ci mata tuwo a ƙwarya. Sai tsakuwa ta taru kan girgiɗin kasko, suna tsoron mai ya ƙona yara. Raina ya sosu ranar.

Wannan dabara tana cikin waɗanda Robert Chambers, wani masanin raya karkara na Ingila, ya yaɗa a shekarun 1990. Ki cire sunaye kafin ki karanto maganar kowa, 'yan unguwa ɗaya ne. Ƙanana su fara ɗora tsakuwa, in ba haka ba kunya za ta sa su bi sahun iyaye. Ki kuma biya su cinikin da suka bari.