Ƙafafun mesa: rashin amfani ne ke sa gaɓa ta ƙanƙance?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Kwanan baya mafarauta suka kashe mesa a fadamarmu, na ga wasu abubuwa biyu kamar ƙaimin zakara kusa da wutsiyarta. Wani dattijo ya ce ragowar ƙafafu ne, wai da ta daina tafiya da su sai suka shige ciki. Na kuma san hannun da aka yi wa ɗori yakan rame. Shin duk gaɓar da ba a mora ƙanƙancewa take yi, har 'ya'ya su gada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dattijon nan ya yi gaskiya a kan abin da ka gani. Idan aka feɗe mesa, ƙarƙashin wannan ƙaimi za a tarar da ɗan guntun ƙashin ƙugu da na cinya a cikin nama, ba su haɗe da ƙashin baya ba. Masana sun kuma tono ƙasusuwan wani tsohon maciji a ƙasar Ajantina, suka sa masa suna Najash a shekarar 2006, yana da ƙafafun baya sosai, ya rayu fiye da shekara miliyan 90 da suka wuce. Inda zan saɓa da dattijon shi ne dalili.

Ramar hannun ɗori ta tsaya ne a jikin mai hannun. Ɗan da zai haifa da cikakken hannu zai zo, domin abin da ake gada yana cikin ƙwayoyin gado ne, cikin maniyyin uba da ƙwan uwa, ramar hannu kuwa ba ta isa can. Hujjar tana cikin gidajenmu. Tun kaka da kakanni wanzamai ke yi wa yara kaciya, suna cire beli, suna tsaga a fuska, amma ba a taɓa haihuwar jariri da tsagar gidansu ba, kuma har gobe kowane yaro da belinsa yake zuwa. Haka mafarauta ke yanke wa karnuka kunne, 'yan kwikwiyo kuma na zuwa da nasu cif.

Ba dattijon ƙauyenku ne kaɗai ya yi wannan tunani ba. Wani babban masani Bafaranshe, Lamarck, ya rubuta a 1809 cewa gaɓar da ake mora tana ƙarfi, wadda aka bari tana lalacewa, kuma 'ya'ya na gadon hakan. Sai a shekarun 1880 wani Bajamushe, August Weismann, ya yi ta yanke wa ɓeraye wutsiya har zuriya biyar. An haifi fiye da 900, babu ko ɗaya mai guntuwar wutsiya.

To me ke ƙanƙantar da gaɓar? Kai manomi ne, ka san zaɓen iri. Duk kaka kana ware manyan zangarniyoyin gero masu cikar ido, ka ajiye don shuka. Ranar da ka daina zaɓe, kana ɗiba daga rumbu yadda ka samu, ba gero ne zai yi fushi ba, amma bayan 'yan shekaru za ka ga iri ya gauraye, ya ja baya. Haka abin yake a daji. Duk haihuwa, ana kwafar ƙwayoyin gado daga iyaye, kuma jefi-jefi ana samun ɗan kuskure a kwafin. Idan kuskuren ya taɓa gaɓar da rayuwa ta dogara a kanta, kamar idon shaho ko ƙafar barewa, mai ita ba ya kai wa ga haihuwa, kuskuren ya mutu tare da shi. Wannan tacewar ita ce Charles Darwin ya bayyana a 1859, ake kiranta zaɓin yanayi. Amma idan gaɓar ta daina amfani, mai lalatacciya da mai lafiyayya duk ɗaya suke ci su haihu. Babu mai tacewa. Sai kurakurai su yi ta taruwa zuriya bayan zuriya.

Dalili na biyu shi ne tsada. Gaɓa ba kyauta jiki ke riƙe ta ba, tana cin abinci. Misalin da na fi so a nan shi ne wani ɗan kifi da ke cikin kogunan dutse a ƙasar Meziko, inda haske bai taɓa shiga ba. 'Yan'uwansa na rafi suna da idanu garau, shi kuwa makaho ne, fata ta rufe gurbin idon. Abin mamaki, tun yana cikin ƙwai idon yakan fara fitowa, sai ya tsaya, ya shanye. Masu bincike a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun auna a 2015, suka ga a jikin ƙaramin kifi, ido da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kula da gani na iya cinye kashi 15 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. A kogon da abinci ke wuyar samu, wanda aka haifa da ƙaramin ido ya yi rara, ya fi jure yunwa, ya fi barin baya. Da kuma aka haɗa makafin wani kogo da na wani, an sami wasu 'ya'yan suna gani, saboda inda gadon ido ya lalace a wannan kogo daban ne da na wancan, sai kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa. Da zaman duhu kawai ke kashe ido, da hakan bai yiwu ba.

Ka lura kuma, ƙanƙancewa ba ta nufin gaɓa ta zama banza. Ƙaimin mesa ya fi girma a jikin namiji, yana sosa mace da shi lokacin barbara. Jimina ba ta tashi, amma da fikafikanta take daidaita jiki in tana gudu, da su take yi wa 'ya'yanta inuwa. Sau da yawa irin wannan ɗan aikin ne ke hana gaɓa ɓacewa gaba ɗaya. Macizai irin su kububuwa da gamsheƙa ko ƙaimin ba su da shi.

Ba sai ka jira wata mesa ba, akwai misali a turkenka. Kakannin doki da jaki, kimanin shekara miliyan 55 baya, ƙananan dabbobi ne masu yatsu huɗu a ƙafar gaba, uku a ta baya. Da zuriyarsu ta koma fili mai tauri inda gudu ke ceton rai, yatsan tsakiya ya girma ya zama kofato, sauran suka ja da baya. Ka shafa ƙafar jakinka daga ƙasan gwiwa, ta gefen baya, za ka ji siraran ƙasusuwa biyu manne da babban ƙashin, suna sirancewa har su ƙare kafin su kai ƙasa. Ragowar yatsu biyu ke nan. A jikin doki matashi da aka matsa wa aiki a ƙasa mai tauri, wurin yakan kumbura ya yi zafi, galibi ta cikin ƙafar gaba, har ya riƙa ɗingishi. In ka ga haka kada a yi masa sakiya ko lalas, a hutar da shi, a kai shi wurin likitan dabbobi.