Ruwan Batir Ba Ya Gyara Ruwan Feshi

Wani manomin tumatir daga yankin dam ɗin Ajiwa ya aiko da tambaya cewa maganin ƙwarinsa ya rage tasiri tun da ya koma ɗibar ruwan rijiyar burtsatse, kuma an ba shi shawara ya riƙa ɗiga ruwan batir a injin feshi domin ruwan ya gyaru.

Malam, ina roƙonka kada ka yi haka. Asid iri biyu ne, kuma a cikin ruwa ake gane bambancinsu. Mai ƙarfi, irin salfurik da ke cikin batir, da zarar ya haɗu da ruwa sai ya saki ƙwayoyin haidurojin ɗinsa nan take, waɗanda su ne ke haddasa ƙuna. Mai rauni kuwa, irin na tsamiya da lemon tsami da nono, kaɗan yake saki ya riƙe saura, shi ya sa muke shansu lafiya duk da tsaminsu. Ma'aunin wannan shi ne pH, daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsakiya; idan lambar ta ragu tsami ya ƙaru ke nan, kuma kowane mataki ɗaya ninki 10 ne. Saboda haka ɗan ruwan batir da zai saukar da ruwan injinka daga 7 zuwa 3 ya ninka tsamin sau 10,000, abin da zai iya ƙona ganye ya kuma ci ƙarfen injin, ban da dalmar da ke cikin ruwan tsohon batir, wadda guba ce ga mai cin tumatirin.

Amma akwai gaskiya a kokenka, domin ruwan da ya haura 7 yana saurin lalata wasu magungunan ƙwari irin su dimethoate. Ka nemi takardar gwajin pH, idan ruwan ya haura 7 sai ka matsa lemon tsami kaɗan-kaɗan kana aunawa har ya kai wajen 6, sannan ka zuba maganin, kuma kada haɗin ya kwana a inji. Ban da maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe: shi ba a tsamama masa ruwa, domin zai ƙona shuka.

Wani kuma daga Daura ya tambayi dalilin da ya sa glyphosate ba ya kashe masa ciyawa. Ɗan'uwa, glyphosate shi kansa asid ne mai rauni, kuma kalsiyam da magnisiyam da ke cikin ruwan zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, suna kama shi su hana shi shiga ganye. Ka fara narkar da takin amoniyam salfet a ruwan kafin ka zuba maganin, kuma ka guji ruwan kududdufi, domin laka ma tana ɗaure shi.

Duk wanda aiki ya kai shi ga tsarma asid mai ƙarfi, ya sa safar hannu da tabarau, ya zuba asid ɗin a hankali cikin ruwa mai yawa. Idan ruwan aka zuba a kan asid, zafin da ke tashi yakan sa ya tafasa ya fantsamo a fuska.